Kofi Mai Jan Zare

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya shago, ya ƙarfin jiki? Na rubuto ne tunda ka ƙi ɗaukar wayata.

Na san da ɓacin rai ka bar gidan nan ranar da ka zo ganin jariri. Ka miƙo hannu, na ce barci yake yi, alhali idonsa biyu. Na kuma san ka ga jan zaren da surukata ta ɗaura a hannun kofin da aka ba ka shayi. Ina kallo, ban hana ta ba.

Yanzu yaron yana asibiti. Jikinsa zafi rau, ya ƙi kama nono, ga wasu ƙuraje masu ruwa a gefen idonsa. Mutanen gida sun ce daga wajenka ne, tunda kai ne mai ƙanjamau. Yaya, don girman Allah ka faɗa min gaskiya: da na shiga kicin, ka ɗauke shi? Ka sumbace shi?

Ka huta lafiya.
Autarku

Auta,

Amin, wa alaikis salam. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ne.

Ban ɗauke shi ba. Na tsaya a kansa hannuwana a baya, kamar ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta. Na ga hancinsa irin na Baba ne, na so in faɗa, na ga babu mai son jin bakina.

Shekara da shekaru ina shan maganina, ban taɓa fashi ba, likitana ma ya ce ƙwayar ta kwanta, ko a gwaji ba a ganinta. Na sha faɗa miki ba a ɗaukarta a kofi, ko a ɗaukar yaro, ko a sumba. Kina cewa to, to, ashe kunne ne kawai ya ji.

Zaren surukarki bai dame ni ba. Ni tela ne, na ma lura ɗaurin bai yi kyau ba. Naki ne ya yi min ciwo, ke da na goya har kika yi min fitsari a rigar makaranta. Na yi kuka a mota, ba zan ɓoye miki ba.

Ku bari a yi masa kowane gwaji. Duk abin da aka gani, ki sanar da ni.

Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma jin kunyar gaishe ka.

Sakamako ya fito. Babu ƙanjamau, daga ni har shi. Likita ta ce wata ƙwaya ce mai suna hafis, ita ce ke fesowa a leɓe in mutum ya yi zazzaɓi ko ya gaji. Ga babba ba komai ba ce, amma tana iya kashe jariri. Sai ta tambaya ko wani mai irin ƙurajen ya sumbace shi.

Ni ce, Yaya. Bayan haihuwa suka fito min, kowa ya ce ai gajiya ce ke fita. Da bakin nan na riƙa sumbatarsa, ido da goshi, dare da rana, ina tsare shi daga gare ka.

Ana yi masa ƙarin ruwa da magani. An ce mun zo da wuri, amma idon hagun ba a san yadda zai ƙare ba tukuna. Tsoro nake ji.

Tashin hankali ya sa ƙurajen sun dawo min, da takunkumin rufe baki nake shayar da shi. Ma'aikaciyar jinya ta ce in ba da sunan mutum ɗaya da zai riƙa karɓata in na gaji, ya riƙe shi a ƙirji. Surukata tana tsaye na ba da naka.

In ba ka zo ba, ba zan ga laifinka ba. Ka yafe min.

Auta

Auta,

Gaisuwa. Na rufe shago, ina tafe a motar safe.

Kuka ya isa haka, yaro yana bukatar nono. Ba ki sani ba ne, Allah kuma ya ga zuciyarki.

Ki ce wa surukarki ta aiko min da kofina asibiti, ya fi sauran cin shayi. Zaren kuma kada kowa ya taɓa. Ke za ki kwance shi da hannunki, ina riƙe da ɗana.

Sai na iso.
Yayanki