Sunan Mahaifina a Bangon Abin da Bai Rubuta Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan ɗakin karatu na unguwarmu, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ranar Talata a buronka, wato ofishinka, kana cikin bayyana mini dalilin kwashe littattafan marigayi mahaifina zuwa sito, na kasa buɗe baki. Ga amsata.

Na ɗaya. Baba ya koyar da Jamusanci a lise, babbar makarantar sakandare, har ya yi ritaya ya koma Tibiri. Rabin rayuwarsa ya ƙarar wajen mayar da baitocin wani mawaƙin Jamus zuwa Hausa: na kogi, na lokacin kaka, na uban da ya binne ɗansa. Da ya rasu, mu muka kawo muku littattafansa kyauta, a amalanke.

Na biyu. Akwai wata ƙasida ta ƙin Yahudawa, marar sunan marubuci, wadda wasu masana ke jingina wa mawaƙin, wasu na musantawa. Na karanta ta a jami'a. Ƙazamin rubutu ne, ba zan wanke shi ba. Baba ya ajiye kwafinta don yana son sanin ko mutumin da yake ƙauna ne ya rubuta ta. Ya rasu bai sani ba, kuma abin ya ci masa rai.

Na uku. Mai ɗinkin littattafai na Sabon Gari yana da al'ada: duk takardun da ka kai masa rana ɗaya, bango ɗaya zai yi musu, ya buga sunanka a sama. Haka ƙasidar ta shiga cikin fassarar Baba, ƙarƙashin sunansa. Kwamitinka, wanda babu mai jin Jamusanci a cikinsa, ya dubi bango, ya yanke cewa Baba ne marubucin, ya liƙa sanarwa a allo. Na jinjina wa saurinku. Masanan can har yau ba su gama nasu binciken ba.

Da an ƙara buɗe shafi biyu, da an ga fensirinsa a gefe, inda ya rubuta wa mawaƙin da Hausa: Allah Ya sa ba kai ba ne.

Mahaifiyata ta daina zuwa suna da biki a unguwarmu ta Zariya. Ba ta iya karatu ba, amma an karanta mata sanarwar.

Roƙona kaɗan ne. A farke ɗinkin, a kulle ƙasidar, a mayar da waƙoƙin kan kantar littattafai. A cire sanarwar, a liƙa gyara a gurbinta. In hakan ya yi nauyi, a ba ni kwalayen littattafansa kafin gara ta cinye su.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare maka sunanka ranar da ba ka nan balle ka kare shi.

Wassalam.

Ɗiyar marigayin,
Zariya, Maraɗi.