Buntu a Bayan Baffa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Ƙungiyar masu injin shinkafa ta Kura ta aiko, wai masu duba ma'aikatu za su zagayo ƙarshen wata. Duk wanda bai koya wa ma'aikatansa kiyaye haɗari ba, rufe masa inji za a yi. A tsakiyar kaka, shanshera ta cika mana tsakar gida. Tun da jikin Baba ya shanye aka ɗora min injin nan ban huta ba, ga wannan kuma. Na gaya wa Baffa Amiru, ƙanin Baba, shi ne a kan makunnin inji tun ban iya tafiya ba. Murmushi ya yi ya ce, "Madalla, Ummukulsum." Na yi mamaki, don na zaci faɗa zai yi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Sai Asabar mai koyar da kiyaye haɗarin da na nemo zai zo. Wuni guda ba aiki, haushi kamar in yi kuka.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Malam Badaruddeen sunansa, siriri, ba ya gaggawa. Ya yi maganar riga mai faɗi kusa da bel, da takunkumi, da abin toshe kunne. Ina ta hamma. Can ya ce a tayar da inji a gwada: in aka yi ihun "Kashe", na kan makunni ya kashe nan take. Ya koma bayan Baffa ya ƙwala. Kowa ya tsaya cak, ban da Baffa. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta fito. Baffa yana can yana duba shinkafa a tafin hannunsa.

Sai Abdulrauf, mai zuba shanshera, ya duƙa ya ɗebi buntu ya watsa masa a baya. Nan da nan Baffa ya juyo ya kashe.

Ashe haka suke yi. Sun daɗe suna yi, kowa ya sani, ni kaɗai ce baƙuwa a injin ubana. Na duba fuskokinsu, duk sun sunkuyar da kai.

Malam ya ja ni gefe. Ya ce ƙarar inji ce ta cinye kunnen, kuma doka ni ta sani, ba yara ba. "Hajiya, ranar da bel ya kama hannun wani, ba mai lokacin neman buntu." Dole Baffa ya bar makunni.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na gaya wa Umma. Ta ce in bi a hankali, mutumin da ya riƙe gidan nan lokacin da Baba ya faɗi ba a yi masa gatsau. Baba na jin mu, hawaye kawai. Yanzu na gane madallar ranar Litinin, bai ma ji abin da na ce ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na gwada yau, na kasa. Ta yaya ake sirri da wanda sai an ɗaga murya yake ji? Na kira shi ofis na rufe ƙofa, na fara a hankali. Yana ta "Na'am? Na'am?" Na ɗan ɗaga, sai na hango inuwar yara ta taga. Na ɓige da tambayarsa lafiyar albasarsa. Ya yi min bayanin albasa tiryan-tiryan, ya fita yana sa min albarka. Kai, ni dai matsoraciya ce.

Duk sanda inji ya tashi gabana faɗuwa yake. Na kafa kujera kusa da makunni, wai ina shan iska.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi. Bayan an sauko daga masallaci na hau keke mai ƙafa uku na bi shi gonarsa ta hanyar Bunkure. Ba kowa a bakin hanyar ruwa sai shi da balbela. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na buɗe murya iya ƙarfina, ni da ko sunansa ban taɓa faɗa a gabansa ba. Na ce Baffa kunnenka ya samu matsala, ina tsoron a ji wa wani rauni, ina tsoron kunnen ya ƙarasa mutuwa gaba ɗaya.

Ya juya ya kalli ruwa. A raina na ce shi ke nan, na ɓata zumunci.

Sai ya ce, "'Yata, kin zaci ban san buntun da nake kakkaɓewa a rigata kullum ba?" Ya ce ya fi shekara yana kwana da fargabar abin nan, kada yaron wani ya nakasa a hannunsa. Bai faɗa ba ne don ya ɗauka gida zan ce ya koma ya zauna, kamar yayansa. Na ce wa zai raba mu da kai? Sai da na maimaita, don bai ji ba. Muka yi dariya, ni tawa har da majina.

Na dawo gida na ci tuwo malmala biyu.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Abdulrauf ya karɓi makunni. Baffa da kansa ya koya masa, yana yi yana zaginsa. An sa jan ƙwan fitila mai igiya, kowa ya ja zai kama. Baffa ya koma waje gindin darbejiya, shi ke karɓar shanshera yana tauna ƙwaya ya ji ko ta bushe. Manoma sun fi tsoronsa a kaina.

Mun je asibiti a Kano. Likita ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in ya nisanci ƙara, sauran zai tsaya masa. A mota ya ce wai likitar muryarta ƙarama ce.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Sun zo, sun duba, sun tafi. Ba a rufe ba, murfin bel ɗaya kawai suka ce a gyara. Na zaci zan yi tsalle, amma ko a jikina. Nauyin tun a gona na sauke shi.

Talata, 3 ga Disamba

Da azahar na ga wani sabon ma'aikaci ya shiga ɗakin inji kunne a buɗe. Na ja igiya aka kashe, ga masu kaya a layi suna tsaki. Ban ma san na tashi daga kujera ba. Na kira Malam Badaruddeen in ji ko yana da lokaci wata mai zuwa. Saboda sababbin ne kawai, ba wani abu ba.

Injin yana kashe aka kira salla a masallacin bakin titi. Ina tsaye a ƙofa na ga Baffa ya karkata kai, ya ajiye shinkafar hannunsa, ya ɗauki buta. Ba wanda ya taɓa shi. Ya zo wucewa ya ce min, ƙasa-ƙasa a ganinsa, alhali duk layi sun ji, "Da kunnena na ji."

Na shige ofis na rufe ƙofa. Ƙurar buntu ce ta shiga min ido.