Kujerar Baffa

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah Ya ƙara rufa asiri. Inna lafiyarta ƙalau, sai ɗan ciwon gwiwa. Auta kuwa ya fara koyon tuƙi, Allah Ya kiyaye awakin maƙwabta.

Ka kwantar da hankalinka, an yi wa Baba aiki, ya farfaɗo. Abin da ban faɗa maka a waya ba shi ne yadda aka samu jini. Likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai an tanadi irin jininsa, ga shi mai wuyar samu, mu duka an gwada mu ba wanda ya dace. Ka san aikina a ɗakin ajiyar jini, in tambayi kwamfuta ta zaƙulo masu bayarwa. Na jera mata sharuɗɗa: jini daidai da na Baba, kuma mutum bai bayar kwanan nan ba, kuma shekarunsa ƙasa da sittin. Kowane "kuma" rage mutane yake yi kamar rariya. Allo ya dawo wayam. Na so in mayar da "kuma" ya zama "ko", amma wannan jinin kowa zai kwaso min.

Da na nutsu sai na tuna asibitinmu yana karɓar mai sittin cif, alhali alamar "ƙasa da" waje take barinsa. Na canza ta zuwa "ƙasa da ko daidai da". Mutum ɗaya tak ya fito: Baffa. Eh, Baffan da ba sa ga-maciji da Baba tun rigimar katanga.

Na same shi a shago yana haɗa ƙofa. Ban gama bayani ba ya ajiye guduma, ya biyo ni ya ba da jinin, ya ce in rufe bakina kada wansa ya ji. Inna ce ta fasa ƙwan, ka san ta. Da Baba ya ji sai ya ce, "Shi ya sa na farka da taurin kai. Ku ajiye masa kujera kusa da gadon nan."

Yanzu kullum Baffa yana kan kujerar. Har yau musun katanga suke, amma kwano ɗaya suke ci. Kai kaɗai ka rage da fushi da Baffa, Yaya, kuma jiya ya tambaye ni lafiyarka. Don Allah ka kira shi.

Ka gaishe min da Anti da 'yan biyu. Inna da Auta suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Mai-kwamfuta