Takardun Da Kawu Ya Ƙona

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, na rubuto ne don raina a ɓace yake, kuma ke kaɗai za ki gane dalili.

Kin tuna gafakar nan, jakar fatar da kike ratayewa bayan ƙyaure, cike da takardun ajami? Ana gama sadakar arba'in ɗinki, ƙaninki Kawu Sani ya kwashe su ya cinna musu wuta a bayan gida. Wai rubutun Larabci ne, kada yara su taka sunan Allah. Ya binne tokar, har ana sa masa albarka. Ko layi ɗaya bai duba ba, Inna.

'Yan takardun da kika cusa cikin kwallarki ne kawai suka tsira. Sai bana, da furfurata, na zauna na koyi karanta ajami. Ashe Hausa ce zalla! Waƙoƙi ne da matan ƙasar nan suka rubuta, ba wanda ya taɓa ambata mana sunansu. Akwai wata Hajara 'yar Mashi da ta tsara waƙa kan ranar da ta yaye ɗanta. Na yi dariya, na yi kuka, daga baya takaici ya rufe ni.

Shekara da shekaru ina koyar da adabi a Daura, ina sa yara haddace sunayen marubutan nesa, alhali Hajara tana rataye bayan ƙyaurenmu. Abin da kunya. Kina tankaɗe kina rerawa, kikan ce mini, “Ba tawa ba ce, a rubuce take.” Na ɗauka zolayata kike yi.

Kawu har gobe yana bugun ƙirji wai ya samu lada. Ina gaishe shi ne don darajarki, amma ba na iya cin abincin gidansa.

Jikarki Safiya ta haihu, Inna, an mayar da sunanki. Safiya ta roƙe ni waƙar da kike rarrashinta da ita tana ƙarama. Na same ta cikin takardun Hajara, na rera mata har tsakiya, sai takardar ta ƙare. Safiya ta zuba mini ido tana jiran saura. Sauran yana bakinki, yana kuma cikin ramin Kawu.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya jiƙan Hajara da sauran matan da aka ƙona da sunayensu. Ya sada mu a Aljanna ki ƙarasa mini waƙar.

'Yarki mai kewarki,
Binta