Hoton Da Babu Hula

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya a duk garin da aikin hoton ya kai ki.

Babanki ne. Kin san ban yi boko ba, Malam Buba tela ke rubutawa ina faɗa. Ya ce zai sa a waya inda mutanenki ke karantawa. To, su karanta. Ai sun riga sun ga tsakar kaina.

Kada ki ɗauka na huce.

Shekarar da muka gudo daga Madagali, hulata ta faɗi a hanya, ban tsaya ɗauka ba. Muna sansanin Malkohi kika zo daga Sangere da kyamarori, wai za ki koya wa mata ɗaukar hoto. Mutane na neman gero, ke kina raba ƙarfe. Ban hana ki ba.

Amma kika ɗauke ni zaune a ƙasa ba hula, kika manna a bango a Jimeta. Ni da ko surukaina ba su taɓa ganin kaina a buɗe ba! Har wani Ibo mai kanti ya ce, "Baba, na gan ka a bango." Kika ce don duniya ta ga abin da aka yi mana ne. Ta gani. Me ta kawo?

Na ce kada ki sake taka min ƙofa da abin nan. Kin gado taurin kaina, ba ki tako ba.

An ce wata cikin matan nan ta buɗe shago a Gwadabawa, da hoton biki take ciyar da marayunta. Ban ce kin yi daidai ba. Faɗa kawai na yi.

Na gaji, 'yata. Yanar ido ta rufe min ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Jiya bayan La'asar na nemi fuskar mahaifiyarki, Dadarki, a raina, muryarta kaɗai na samu. Hotunan gidanmu sun ƙone. Saura wanda kika ɗauke ta a sansani, ranar da ta sa kwalli ta zauna miki duk da faɗana.

A wanke shi babba, kafin idon ya ƙarasa. Kada ki ba direba. Ki kawo da hannunki.

Ki zo da ƙarfen ma. Na sayi hula.

Allah ya jiƙan Dadarki, ya tsare miki hanya, ya yi miki albarka.

Babanki,
Jimeta.