Bashin Ruwan Da Ba Mu Sha Ba

Gadarif, farkon damina

Zuwa ga Yaya Batulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Daudu da yara. Allah ya ƙara muku albarkar zaman Madina. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, Sa'adiyya kuma ta yaye Lukman.

Yaya, wata damuwa ce ta sa na rubuto. Na je banki neman tamwil, wato bashin noma, don gonarmu ta gado da ke Basunda, kamar yadda na saba. Ma'aikacin ya duba na'ura ya ce sunana ya fito cikin waɗanda suka kasa biyan bashi, wai kuɗin ruwan famfo na tsohon gidan Baba ne suka taru a kaina. Kin san famfon gidan nan ya bushe tun kafin yaƙi. 'Yan gudun hijirar garin Madani da muka saukar a ciki fisabilillahi, a wajen masu karo, wato amalanken jaki, suke sayen ruwa kamar kowa.

Na tafi ofishin ruwa. Ma'aikaci na farko ya ce malesh, wato in yi haƙuri, in dawo gobe. Na biyu ya saurare ni da kyau, har ya ce shi ma jakin karo ne ke shayar da gidansa, amma a wajensu layin a buɗe yake tunda ban taɓa zuwa na rufe shi ba. Na roƙa a turo mutum ya ga famfon da idonsa, aka ce babu mota. Na ce zan biya kuɗin raksha, keken nan mai ƙafa uku, aka ce mai dubawar yana hutu. Na rubuta ƙorafi, na kai Hamad maƙwabcinmu ya yi shaida, suka karɓa suka ajiye.

Da na gaji, na ce to zan sayar da tumaki in biya, ko da zalunci ne. Banki suka ce ko na biya yau, sunan ba zai gogu ba sai an gyara daga sama, kuma ba su san ranar ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma damina ba ta jiran kowa. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun shuka riɗi da dawa, tamu gonar ciyawa ce ke tashi.

Shi ya sa na ba wani manomi, Ɗanliti, hayar rabinta na bana, ba tare da na shawarce ki ba. Ki yafe mini, da rabonki a ciki. Sauran zan noma abin da hannuna ya iya. Inna ba ta sani ba. Kullum da safe tana tambaya ko tarakta ta shiga, ni kuma ina ce mata an kusa. Idan kun yi waya, don Allah kada ki faɗa mata. Ban san yadda zan gaya mata baƙo na shuka a ƙasar Baba ba.

Ki gaishe da Malam Daudu, da Kamal da Raliya. Inna da Sa'adiyya suna gaishe ku. Ki sa mu a addu'a a Harami, don ni dabarata ta ƙare.

Ƙaninki,
Nu'uman