Ƙorafi Kan Lambar Da Aka Rubuta Wa Matata Daga Yatsan Wata

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Asibiti
Daga: Mijin majinyaciyar gado na bakwai, Ɗakin Mata
Kwanan wata: 19 ga Maris

Game da: Awon ƙarya a fayil ɗin mai ciwon taurin fata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ma'aikatanka suna yabon babbar nas ta sashen ganin likita, wai ba ta taɓa barin gurbi a takarda ba. Na ga yadda take cike gurbin, shi ya sa na rubuto.

1. Shekara shida matata tana fama da taurin fata. Yatsunta sun ƙage, kullum sanyi ƙalau, har ta ajiye keken ɗinki. Likitan gaɓoɓi ya gargaɗe mu cewa cutar tana iya yi wa huhu tabo, in numfashi ya canza mu garzayo.

2. Ranar 4 ga Maris na kawo ta tana haki da busasshen tari. Babbar nas ɗin ta maƙala mata na'urar auna iskar jini a yatsa, na'urar ta ƙi nuna komai. Ta cire, ta maƙala a nata yatsan, ta ga 98, ta rubuta a fayil ɗin matata. Ina zaune ina kallo. Na ɗauka haka aikin yake.

3. Likita ya dubi lambar, bai ɗora mata abin sauraren ƙirji ba, ya sallame mu da maganin tari.

4. Ni kafinta ne, sai da na yi furfura na shiga ajin manya na koyon karatu, don haka rubutu yana da girma a idona. Kwana tara tana gaya mini iska ba ta isarta, ina ce mata takarda ta ce lafiyarta lau, ta rage raki.

5. Ranar 13 ga Maris ta faɗi a bakin ƙofar banɗaki. Wani likita ya auna ta a kunne, ya sami 81, wato iskar jininta ta yi ƙasa ƙwarai. Hoto ya nuna tabo a huhu biyun.

6. Yanzu kwamitin asibitinku ya hana ta tukunyar oksijin ta gida, wai awon 4 ga wata ya nuna ba ta da buƙata. Wato da yatsan nas ake yanke mata hukunci.

Saboda haka ina roƙon a soke lambar nan da sa hannunka, a ba ta tukunyar kafin sallama, kuma a daina auna masu irin cutarta a yatsa.

Jiya na tsaya gaban gadonta, majinyata suna ji, na ce ta yafe mini, ita ce mai gaskiya. Ba ta da numfashin amsawa, kai kawai ta ɗaga. Ina so ita ma nas ɗinku ta zo ta faɗi nata neman gafarar da bakinta. Ba na son shi a rubuce.

Ka huta lafiya.

Naka cikin ladabi,
Mijin majinyaciyar gado na bakwai